Yawon Buɗe Ido A Lokacin Sanyi: Mu Ma Muna Da Duwatsunmu

Ga shi hunturu ya kankama, iska tana kaɗawa tun da asuba, hazo ya rufe gari, kowace uwa tana fama da kaushin ƙafa da tarin yara. A irin wannan lokaci yawancinmu babu abin da muke so kamar mu lafe a gindin murhu. Amma a yau muna so mu jawo hankalin uwargida da 'yan matanmu na makaranta ga wani abu dabam, watau fita ta yini ɗaya domin a je a ga dutse, a sha iska, a ƙaru da ilimi, a komo gida kafin magariba.

Yadda masu ƙanƙara suke yi

A ƙasashen da sanyi ya fi namu tsanani nesa ba kusa ba, kamar Kanada da arewacin Amurka, dusar ƙanƙara takan rufe ƙasa wata da watanni, har mota ta kasa bin wasu hanyoyi. Duk da haka mutanen can ba su zama a ɗaki. Akwai wani irin babur da suke hawa wanda ba shi da taya ko ɗaya. A gabansa akwai ƙafafu biyu dogaye masu santsi da suke sulalewa a kan ƙanƙara, a bayansa kuma akwai bel na roba mai haƙora, irin na katafila, wanda yake tura shi gaba. Da shi ne ake kai baƙi yawon yini guda a cikin duwatsu, jagora yana gaba, sauran suna biye da shi a jere.

Labarin wannan babur zai taɓa zuciyar kowace uwa. Wani makaniki ne ɗan ƙauyen Valcourt a ƙasar Kanada, mai suna Joseph-Armand Bombardier, ya yi fice wajen ƙera shi. A cikin sanyin shekarar 1934 ƙaramin ɗansa ya kamu da ciwon ciki mai tsanani, ƙanƙara kuwa ta toshe hanyar asibiti, yaron ya rasu ba a kai shi ba. Wannan rashi ya ƙara wa uban himma. A 1937 ya fito da motar ƙanƙara mai ɗaukar mutum bakwai, a 1959 kuma kamfaninsa ya fara sayar da ƙaramin babur ɗin da aka sani da suna Ski-Doo. Abin da aka fara don kai mara lafiya asibiti da yara makaranta, yau ya zama abin yawon shaƙatawa kuma.

A gandun dajin Yellowstone na Amurka, wanda aka keɓe tun 1872, akan rufe yawancin hanyoyi ga motoci idan ƙanƙara ta sauka. Daga tsakiyar Disamba zuwa tsakiyar Maris sai a kan irin wannan babur ko babbar motar ƙanƙara ake shiga can ciki, kuma galibi tare da jagora mai izini. Shi zai nuna wa baƙi maɓuɓɓugar ruwan zafi da take tsartuwa sama, shi zai tsayar da ayari idan garken ɓauna ya tare hanya, shi kuma zai tuna musu dokar gandun, cewa kada mutum ya matsa kusa da ɓauna ƙasa da yadi 25. Kafin a tashi sai kowa ya sa hular kwano da rigar sanyi mai kauri da safar hannu.

To, mu ba mu da ƙanƙara, ba ma kuwa nemanta. Abin koyi a nan guda uku ne. Ba su yarda sanyi ya kulle su a ɗaki ba, ba su tafiya sai da wanda ya san wuri, kuma sukan shirya tun kafin ranar ta zo.

Dutsen da yake kusa da mu

Ga mutanen Ikara da Makarfi da Kudan, ba sai an je nesa ba. Dutsen Kufena yana nan yamma da birnin Zariya, dab da Wusasa. Masu tasowa daga Ikara ko Makarfi za su faɗo babban titin Kano zuwa Zariya a Tashar Yari, mutanen Kudan kuwa su biyo ta Hunkuyi. Idan aka yi sammako, kafin hantsi ya yi zafi an isa gindin dutse.

Kufena ba dutse ba ne kawai na kallo. Tun kafin a kafa birnin Zariya na yanzu akwai mutane zaune a kansa da kewayensa, kuma har yau ana ganin sauran tsohuwar ganuwa a wajen. Bisa ga tarihin da aka gada, daga Turunku, wadda take kudu da Zariya, aka dawo da gadon sarautar Zazzau zuwa wannan yanki a zamanin Bakwa Turunku, wajen shekarar 1536. Bakwa kuwa ita ce aka ce ta haifi Amina da ƙanwarta Zariya, wadda birnin ya ci sunanta. Masana sun sha bamban a kan ainihin zamanin da Sarauniya Amina ta yi, domin Tarihin Kano ya ambace ta tun a ƙarni na 15, wasu kuma suka ce a ƙarni na 16 ne. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya yi maganar yaƙe-yaƙenta a littafinsa Infaƙul Maisuri. Abin da kowa ya sani shi ne har gobe akan kira tsofaffin ganuwoyi da yawa a ƙasar Hausa da sunan ganuwar Amina.

Abin takaici ne a ce yarinya 'yar ƙasar Zazzau ta haddace sunan Amina don cin jarrabawa, ta san akwai makarantar 'yan mata mai sunanta a Kaduna, akwai kuma ɗakin kwanan ɗalibai mata mai sunanta a Jami'ar Ahmadu Bello, amma ba ta taɓa taka dutsen da kakanninta suka zauna ba, alhali kuwa tafiyar safiya ɗaya ce daga gidansu. Hausawa sun ce gani ya kori ji. Yarinyar da ta hau Kufena ta ga yadda mutum zai hango maƙiyi tun daga nesa, ba sai malami ya yi ta nanata mata dalilin da ya sa mutanen dā suke zama a kan duwatsu ba.

Daga sama, idan hazo ya yi sauƙi, za a hango birnin Zariya da gonakin da suka kewaye shi, da kuma gefen Samaru inda jami'ar take, wadda aka buɗe a 1962. A ƙasa kuwa ga Wusasa da tsohuwar majami'arta ta ginin ƙasa da aka gina a 1929, da makarantar sakandare da ta ci sunan dutsen. Idan da sauran lokaci bayan an sauko, sai a shiga birni a ga ƙofofin ganuwa irin su Ƙofar Doka da Ƙofar Kuyambana, da ƙofar fadar Sarkin Zazzau, da babban masallacin Juma'a wanda Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina a zamanin Sarki Abdulkarimu.

Me ya sa sai da sanyi?

Wata za ta ce, me ya hana a bari sai sanyi ya wuce? Amsar ita ce babu lokacin da ya fi wannan dacewa. Da damina dutse yana da santsi, ciyawa ta yi tsawo ta rufe hanya, ga tsawa da hadari. Da bazara kuwa tun ƙarfe goma dutse ya ɗau zafi, ba a iya dafa shi da hannu, ƙishirwa kuma ta galabaitar da yara. Amma a Disamba da Janairu ƙasa ta bushe, ciyawa ta kwanta, rana ba ta da ƙarfi. Bugu da ƙari an gama girbi, an sayar da masara da barkono, rake yana kasuwa, maigida yana da ɗan abin hannu, yara kuma suna hutun ƙarshen shekara.

Illar lokacin guda ɗaya ce, watau hazo. Ƙurar nan da iskar arewa maso gabas take kwasowa daga hamada, musamman daga wani kwari da ake kira Bodele a ƙasar Chadi, takan yi kauri wata rana har mutum ba ya ganin abin da yake gabansa. Irin wannan rana ba ta tafiya ba ce, don direba ba ya gani sosai, ku ma in kun hau ba abin da za ku hango. A bari sai ranar da gari ya ɗan washe.

Da ɗan gari akan ci gari

Kada a kuskura a hau dutsen da ba a sani ba babu jagora. Idan kun isa, a fara neman mai unguwa ko dattawan wurin a gaishe su, a faɗi abin da ya kawo ku, a roƙi a haɗa ku da wanda ya san hanya. Shi ya san gefen da ya fi sauƙin hawa ga mata da yara, ya san inda ramuka suke, da inda ƙudan zuma suka yi gida. A daidaita abin da za a ba shi tun a ƙasa, don kada a yi ja-in-ja a sama. Kafin ranar tafiya kuma maigida ko shugabar makaranta su bincika lafiyar hanya da ta wurin, domin a shekarun nan ba kowane daji ake shiga ba. Idan aka ce a dakata, to a dakata, dutse ba ya gudu.

A tafi a ƙungiya. Matan unguwa ɗaya ko na ƙungiya ɗaya za su iya yin karo-karo, ko su ware kwasar adashe guda, su ɗauki shatar mota sukutum wadda za ta kai su ta jira su. Wannan ya fi sauƙi, ya kuma fi kwanciyar hankali ga mazajen da za a nemi izininsu. Ke uwargida, kada ki bari sai daren tafiya ki tayar da maganar. Ki faɗa masa tun da mako biyu, ki gaya masa su wa za a tafi da su, da wane direba, da lokacin dawowa. Idan zai samu dama ya raka ku, ko ya haɗa ku da babban ɗa ko ƙane, ya fi kyau. 'Yan makaranta kuwa su kai shawarar ga malamar tarihi ko ta labarin ƙasa, a rubuta wa iyaye takarda, a tafi da isassun malamai mata.

Idan ta kama a hau acaɓa daga bakin titi zuwa gindin dutse, a tuna da darasin masu babur ɗin ƙanƙara. Mutum ɗaya a kan babur ɗaya, a tattare gyale da bakin zane don kada taya ta kama su, a ce wa mai babur ya bi a hankali, kada kuma a ɗora yara uku a baya don ragin kuɗi.

Abin da za a riƙa

Da asuba sanyi yakan yi tsanani, da rana kuma a ji ɗumi, saboda haka a sa rigar sanyi a kan tufafi marasa nauyi yadda za a iya cire ta. Yara a sa musu hula da safa. Takalmi ya zama kambas ko wani mai kama ƙasa. Silifas da takalmi mai tsini su zauna a gida. 'Yan mata su sa wando a ƙarƙashin zane ko doguwar riga don su ji daɗin ɗaga ƙafa. A shafa man kaɗanya ko basilin a leɓe da ƙafa, a riƙe ƙyalle na rufe hanci saboda ƙura.

Guzuri ya zama wanda ba ya lalacewa da wuri, kamar dambu, ko kwaɗon zogale, ko dafaffen dankali da ƙuli-ƙuli, da kunu mai zafi a fulas, da 'yan sandunan rake na Makarfi don yara. Ruwan sha kuwa a riƙe da yawa. Iskar hunturu tana busar da jiki ko da mutum bai ji ƙishi ba, don haka a riƙa ba yara ruwa a kai a kai. A sa auduga da filasta da maganin ciwon kai a jaka.

Mai tsohon ciki, da mai jego, da mai ciwon asma ko hawan jini, da tsohuwa mai ciwon gwiwa, su shimfiɗa tabarma a gindin dutse su tsare kaya da ƙananan yara. Su ma sun fita sun ga gari. Kada a hau da goyo a baya. A wajen hawa jagora ya wuce gaba, babba ɗaya ya tsaya a baya, a ƙirga yara kafin a hau, a sake ƙirga su a sama, a kuma ƙirga bayan an sauko. Saukowa ta fi hawa haɗari, don a lokacin ne ƙafa ta gaji, yara kuma suke son gudu. Kada yarinya ta matsa bakin dutse don ɗaukar hoto da waya. A fara saukowa da azahar, a kama hanyar gida tun rana tana sama.

Abu na ƙarshe, a bar wurin yadda aka same shi. Kada a watsar da leda ko ɓawon rake, kada a rubuta suna a jikin dutse, kada a kunna wuta a busasshiyar ciyawa. Idan aka ga fasassun tukwane na mutanen dā, a duba a bar su a inda suke, domin masu binciken tarihi da su suke aiki.

Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma mace ma tana da rabo a ciki. Wadda ta yini tana daka da wanki shekara guda cur ta cancanci yini ɗaya na ganin duniya, 'yarta kuma ta cancanci ta san ƙasarta da idonta. Muna fata kafin sanyin bana ya wuce, ƙungiyoyin mata da makarantun 'yan mata na Ikara da Makarfi da Kudan za su sa rana. Waɗanda suka je su rubuto wa wannan fili su ba sauran 'yan uwa labarin abin da suka gano. Allah ya kai ku lafiya, ya dawo da ku lafiya.