Kurmin da ke shan ruwan hazo

Yau za mu leƙa Kosta Rika, a Amurka ta Tsakiya. Can akwai kurmin Monteberde, bisa duwatsu masu tsawon kusan mita 1500.

Rana tana ɗumama teku, ruwa ya tashi tururi. Iska ta kora shi bisa dutse. Can sama da sanyi, sai tururin ya koma hazo. Ba hazon ƙura irin namu na hunturu ba ne, na ruwa ne. Ganye ya kama shi, ya ɗiga ƙasa, ya shiga ƙoramu. Da rani ma mutanen gindin dutse suna samun ruwa.

To, duniya tana ƙara zafi. Yanzu sai tururi ya hau can ƙoli kafin ya tarar da sanyi. Hazo ya wuce bisa itatuwa, ganye ya bushe, ƙoramu su ragu. Saran itatuwan kwari ma yana rage tururin.

A wannan kurmi akwai wani kwaɗo mai launin zinariya. Tun 1989 ba a sake ganinsa ba. Masana sun ɗora laifin ga fari da wata cutar fata.

Sai mako mai zuwa.