Shin Ko Kun San Ana Goge Ƙarfe Da Harbin Ilektron?

Shin ko kun san ƙarfe marar tsatsa, irin na cokula da kayan tiyata, wata fata ce siririya ke kare shi? Sinadarin kuromiyam da ke cikinsa, aƙalla kashi 10.5 cikin 100, shi ke haɗuwa da iska ya yi masa rufin da ido ba ya gani. Ko an karce shi, da kansa yake sake rufewa. Harry Brearley ne ya gano irin wannan ƙarfe a Shefil ta Ingila a 1913, alhali bututun bindiga yake nema wa magani.

Sai dai sunan ya ɗan yi zuƙu. A ruwan gishiri ƙarfen yakan yi ƙananan ramuka, kuma galibi daga wasu ƙwayoyin datti na manganis da farar wuta ɓarnar ke farawa.

Shin ko kun san maganin na nan a Tomsk, can Saiberiya? Masanan Rasha a wata cibiyar bincike da ke birnin sun ƙware wajen harba ilektron a kan ƙarfe na ɗan lokacin da bai wuce 'yan kashi cikin miliyan na daƙiƙa ba. Saman ne kaɗai ke narkewa, kauri bai kai na gashin kai ba, kuma ƙarfen da ke ƙasa, da yake yana nan da sanyinsa, nan take yake zuƙe zafin. Saurin hucewar yakan haura digiri miliyan a daƙiƙa guda! Ƙwayoyin dattin nan sukan fashe su yi waje, su bar ɗan gurbi. Harbi na farko ma yakan ƙara wa saman kaushi, sai an maimaita sannan ya yi sumul. A ganina nan ne gwanintar take: babu yashi, babu ruwan batir, babu hannun da ya taɓa.

A Japan, masu bincike a Jami'ar Okayama sun yi amfani da dabarar wajen goge ƙarfen da ake zuba roba a ciki, aikin da a da yake cin awoyi a hannun magogi.



Abin da ya hana na'urar harbin ilektron shiga kowace maƙera shi ne tsada. Dole a zuƙe iskar akwatin da ake aikin a ciki, a kuma kare ma'aikata daga hasken eksire da ke fita yayin harbin.