Rediyon da ke fito maimakon magana

Mai gyara ya kwashe mako biyu yana fama da wani tsohon rediyo ƙirar Amurka na shekarun 1940. Ya share ƙura, ya canza kwandansa, ya jona wuta. Bawul biyar ɗin da ke ciki suka ɗau zafi a hankali. Sai lasifika ta saki wani fito mai huda kunne, fiiii, ba labarai ba kiɗa. In ya murɗa maɓallin neman tasha, fiton ya hau, ya sauka, amma ya ƙi tafiya.

Duk wanda ya taɓa halartar wa'azi ko taron biki aka kusantar da makirifo ga lasifika ya san wannan ciwo. Sautin da aka ƙara wa ƙarfi ne yake komowa ta inda ya shiga, a sake ƙara masa ƙarfi, har abin ya zama ihu. A cikin rediyo ma haka ne, sai dai siginar ta wayoyi take bi, ba ta iska ba. Tun a 1922 Louis Hazeltine ya ƙirƙiro tsarin Neutrodyne don rufe bakin irin wannan ihu. Tsarin da Edwin Armstrong ya fito da shi a 1918, wanda yawancin rediyoyin baya suka bi, yana mayar da kowace tasha zuwa zango guda, galibi kilohaz 455, sannan ya ƙara mata ƙarfi. A nan ne fito ya fi samun gindin zama.

Gwanin gyara da kunne yake fara aiki. In ƙarar fat-fat-fat ce, irin ta injin ban ruwa, laifin yawanci na manyan kwandansan da ke tace wuta ne, sun bushe da tsufa. Wannan mai sauƙi ne, a canza su a huta.

Fito ne mai ɗaure kai, domin sau da yawa mai gyaran ne ya jawo shi da hannunsa. Masana'anta ba ta shimfiɗa wayoyin nan da ka ba: an nisanta wayar da ke fitar da sigina daga wadda ke shigar da ita, an kwantar da wasu a jikin farantin ƙarfe. Mai gyara ya zo ya sa sabon kwandansa ya bar masa dogayen ƙafafu, ko ya karkata waya don wurin ya yi kyan gani, shi ke nan ya buɗe wa sigina ɓarauniyar hanya. Akwai kuma wani tarkon. Bawul 12SK7 jikinsa ƙarfe ne, kuma ƙarfen garkuwa ce. Wanda ya maye gurbinsa da na gilashi, 12SK7GT, bai sa masa hular ƙarfe ba, kada ya yi mamaki in rediyo ya soma kuka. Shi ya sa masu hankali ke ɗaukar hoton cikin rediyo kafin su narka dalma ko ɗigo.

Maganar tsira da rai ba ta wasa ba ce. Yawancin rediyoyi masu bawul biyar ɗin nan ba su da taransifoma a ciki, don haka farantin ƙarfensu na iya ɗaukar wutar soket kai tsaye. Dole a sa taransifomar da ke raba su da wutar gida kafin a taɓa komai. An kuma yi su ne don wutar Amurka mai bolt 110 zuwa 120, saboda haka cusa su a soket mai 230 irin na Najeriya ƙona su ne nan take.

Shi dai mai gyaran namu tsinken roba ya ɗauka, yana tura wayoyi ɗaya bayan ɗaya, kunnensa na kan lasifika. Da ya danna ta huɗu ta kwanta a jikin faranti, fiton ya ɗauke ɗif, muryar mai karanta labarai ta fito daga matsakaicin zango.