Sule Guda na George Müller

Duk wanda ya zauna da Kiristoci, ko da na ɗan lokaci ne, zai ji suna yawan ambaton wata ƙissa da ke cikin Linjila, wadda ta nuna yadda Yesu Almasihu ya karɓi gurasa biyar da kifi biyu daga hannun wani yaro, ya yi godiya ga Allah, ya rarraba wa taron da mazajensa kaɗai suka kai 5,000, kowa ya ci ya ƙoshi, har aka kwashe ragowa cike da kwanduna 12. Haka kuma sukan kawo labarin gwauruwar nan ta Zarefat, wadda ba ta da komai sai tafin gari da ɗan mai a tulu, ta ciyar da Annabi Iliya a zamanin fari, garin bai ƙare ba, man bai ƙafe ba. Abin da suke fahimta daga waɗannan ƙissoshi shi ne abin da Bahaushe ke kira albarka, wato kaɗan ya wadatar da masu yawa da ikon Allah. To, amma karanta ƙissa daban, gina rayuwa a kanta daban, kuma cikin waɗanda suka gwada hakan a fili babu wanda labarinsa ya kai na George Müller shahara.

An haifi Müller a ƙasar Jamus cikin 1805, kuma ƙuruciyarsa ba abar yabo ba ce, gama yana da shekara 16 aka jefa shi kurkuku saboda ya kwana a masaukai ya ci ya sha ya gudu bai biya ba. Cikin 1825, yana ɗalibi a birnin Halle, ya halarci wani taron addu'a a gidan wani mutum, ya tuba. Ya ƙaura zuwa Ingila cikin 1829, bayan shekara guda ya yafe albashin da ikilisiyar da yake wa'azi a cikinta ke ba shi, sa'an nan cikin 1832 ya sauka a birnin Bristol, inda ya tarar da marayu birjik a kan titi, ga cutar kwalara ta yi ɓarna.

Da ya ƙudura niyyar buɗe gidan marayu, sai ya ɗora wa kansa sharuɗɗa biyu masu tsanani ƙwarai: ba zai roƙi wani ɗan Adam ko kwabo ba, kuma ba zai ci bashi ba faufau. Bukatarsa ga Allah kaɗai zai kai ta. Ya kuwa faɗa ƙarara cewa babbar manufarsa, har gaba da ciyar da yaran, ita ce kafa hujja ga masu raunin imani cewa Allah yana amsa addu'a a wannan zamani kamar yadda ya amsa a zamanin annabawa. Cikin watan Disamba na 1835 sadakar farko ta zo, sule guda tak. Ba da daɗewa ba wata matalauciya mai ɗinki, wadda abin da take samu a mako bai wuce sule uku da sisi ba, ta kawo fam 100 daga wani gado da ta ci. Shi kuwa, maimakon ya yi wuf ya karɓe, sai da ya zauna da ita ya yi ta jan hankalinta, don ya tabbata ba zumuɗi ne ya ɗebe ta ba. A watan Afrilu na 1836 aka buɗe gidan farko a titin Wilson, wanda aka shirya domin 'yan mata 30.

Kada mai karatu ya zaci daga nan kuɗi suka yi ta kwarara. Shekaru da dama, musamman daga 1838, akan wayi gari babu abin sayen abincin rana, sai shi da ma'aikatansa su taru su yi addu'a, wani lokaci ma'aikaci ya sayar da kayansa ya kawo, wani lokaci wasiƙa ta iso da 'yan suloli ana dab da ɗora tukunya. Labarin da ya fi yaɗuwa a bakin masu wa'azi shi ne na safiyar da aka zaunar da yara gaban akussa babu komai, ya yi godiya, sai ga mai gasa burodi a ƙofa, sa'an nan keken mai madara ya lalace daidai bakin gidan. A ganina, littattafan lissafinsa sun fi wannan labari ban mamaki, domin mutumin nan bai bar ko taro ya shige ba tare da ya rubuta inda ya fito da inda ya tafi ba, kuma kuɗin da aka bayar don gini ba ya taɓa shi don abinci, ko da yunwa ta ƙwanƙwasa ƙofa.

A hankali al'amarin ya bunƙasa, har gidajen haya suka kasa, ya gina babban gida a Ashley Down ta Bristol cikin 1849 mai ɗaukar yara 300, ya yi ta ƙari har gida na biyar cikin 1870, jimla wurin yara fiye da 2,000. Kafin ƙarshen ransa marayu 10,024 suka bi ta hannunsa, aka koya musu karatu da sana'a.

Masu suka ba su rasa abin cewa ba, kuma maganarsu tana da ƙamshin gaskiya: sun ce rahoton da yake bugawa kowace shekara, wanda ke bayyana yadda aka shiga ƙunci aka fita, shi ma roƙo ne a fakaice. Müller ya san da wannan zargi, har akwai lokacin da ya jinkirta buga rahoton da gangan alhali asusu ya bushe. Ko ma yaya aka auna, akwai tazara mai nisa tsakanin tawakkalinsa da halin waɗansu masu wa'azi na yau, waɗanda ke cewa talaka ya kawo ɗan abin hannunsa a matsayin iri don Allah ya ninka masa, ninkin kuwa a aljihunsu yake bayyana.

Tafarkinsa ya iso ƙasarmu ta wata hanya. Hudson Taylor, wanda ya kafa mishan ta cikin ƙasar Sin a 1865, ya yi koyi da shi, Müller kuma ya tallafa masa da kuɗi. A kan irin wannan tsari na dogara ga Allah aka kafa mishan ɗin SIM, wadda mutanenta na farko suka sauka Legas cikin 1893, wadda kuma daga gare ta ikilisiyar ECWA ta fito.

Müller ya rasu ranar 10 ga Maris, 1898, yana da shekara 92. Dukiyar da ta ratsa ta hannunsa ta haura fam miliyan ɗaya nesa ba kusa ba, amma da aka zo lissafin abin da ya bari, har da littattafansa da kayan ɗakinsa, kimanin fam 160 aka samu.