Ma'adinan da ke nuna alamar lu'ulu'u

A shekarun 1970, masana ilmin duwatsu sun gudanar da bincike a Kafur, jihar Katsina, kan wani dutse da aka yi zaton kimbalait ne, wato dutsen da aman wuta kan turo daga zurfin da ya wuce kilomita 150, inda lu'ulu'u ke samuwa.

Kimbalait kan taho da ɓaraguzan duwatsun can ƙarƙashin ƙasa, masu ɗauke da koren ma'adinin olibin da kuma jan ganet.

Ganet mai yawan sinadarin kromiyam da ƙarancin kalsiyam ne masu bincike suka fi nema, domin shi ne ke nuna alamar lu'ulu'u.

Sai dai akasarin duwatsun kimbalait ba su da lu'ulu'un da zai mayar da kuɗin haƙa.