"Yallaɓai, Nawa Za a Rubuta?"

Shekarun baya wani kamfani da na yi wa aiki ya tura ni Kaduna na kwana uku. Ranar da zan taso na tsaya wurin mai karɓar baƙi na masaukin da na sauka, na biya kuɗin ɗaki. Yaron ya ƙirga, ya jawo littafin rasidi, ya rubuta kwanan wata da sunana, sannan ya ɗaga biro ya dube ni ya ce, "Yallaɓai, nawa za a rubuta?" Na ce abin da na biya mana. Ya ce ai wasu ƙari suke so a yi musu, wasu kuma a bar musu wurin a buɗe, in sun koma ofis su cike da hannunsu. Ko alamar kunya babu a fuskarsa. Shi a ganinsa hidima yake yi mini, irin wadda ya saba yi wa duk ma'aikacin da ya sauka a wurin.

Da na koma na miƙa takarduna, wani abokin aiki da ya girme ni ya ja ni gefe. "Malam," in ji shi, "hanya za ka ɓata mana. In aka ga kwana uku a Kaduna nawa yake ci, gobe da me za mu je?" Wannan magana ta fi ta yaron masauki tsaya mini a rai, domin ita ta nuna mini cewa rasidin ƙarya yana da uwa, uwarsa kuwa kasafin kuɗi ce.

Duk wanda ya taɓa zama a taron tsara kasafin kamfani ya san wasan. Shugaban sashe yana buƙatar miliyan 40, amma ya san za a zaftare, sai ya yi aringizo ya nemi 60. Na sama sun san ya yi aringizo, sai su yanke ba tare da sun duba ba. Shekara na zuwa ƙarshe, in kuɗi ya yi saura, sai a shiga neman abin da za a kashe shi a kai, kujeru ne, bita ce a otal, tafiya ce da babu dalili, saboda sashen da ya mayar da canji baɗi rage masa za a yi. Ta ɓangaren ciniki kuma abin juyawa yake: manajan da ya san zai iya sayar da katan dubu goma sai ya yi alkawarin dubu bakwai, don ya wuce adadin cikin sauƙi ya karɓi ladan ƙarshen shekara. A 2001 Farfesa Michael Jensen na makarantar kasuwanci ta Harvard ya yi rubutu a kan wannan, ya nuna cewa duk kamfanin da ya ɗaura ladan ma'aikaci a kan cika wani adadi da aka tsayar, to biyan mutane yake yi su yi masa ƙarya. Ni kuwa na yarda da shi. Mutumin da ya saba shara ƙarya a watan tsara kasafi, ba zai ji nauyin cike rasidi ba a watan tafiya.

Inda abin yake kaiwa in ya girma, labarin kamfanin WorldCom na Amurka ya ishe mu. Kamfanin sadarwa ne da a lokacin hedikwatarsa ke garin Clinton a jihar Mississippi, ya haɗiye kamfanin MCI a 1998, ya zama na biyu a harkar wayar nesa a ƙasar, bayan AT&T. Babban abin da ke cin kuɗinsa shi ne hayar layukan wasu kamfanoni da yake bi ta kansu ya isar da kiran mutane. Da kasuwa ta fara faɗuwa wajen shekarar 2000, ciniki ya ja baya, kuɗin haya kuwa bai ragu ba. Amma an riga an yi wa masu hannun jari alkawarin riba, kuma shugaban kamfanin, Bernard Ebbers, ya ci bashi mai yawa da hannun jarinsa a matsayin jingina, har kamfanin kansa ya ranta masa sama da dala miliyan 400. In farashin hannun jari ya faɗi, shi ne farkon wanda zai nutse.

Dabarar da aka yi mai sauƙin fahimta ce. A lissafin kamfani, akwai kuɗin da ake kashewa yau da gobe, kamar haya da albashi da man janareta, wanda ake cirewa gaba ɗaya daga cinikin shekarar. Akwai kuma kuɗin sayen kadara, kamar gini ko inji, wanda ake rarrabawa a kan shekarun da kadarar za ta yi tana aiki. Kamar mai shago ne ya biya hayar wata, sai ya rubuta a littafinsa cewa firji ya saya. Kuɗin ya tafi, firji babu, amma littafi ya nuna riba. Haka WorldCom ya riƙa kwashe kuɗin hayar layuka yana zubawa a shafin kadarori.

Wadda ta fi ba ni tausayi a labarin nan ita ce Betty Vinson, akanta mai matsakaicin muƙami, matar aure mai 'ya, wadda albashinta da inshorar lafiyarta ne gidan ya dogara da su. A Oktoban 2000 aka umarce ta da abokin aikinta su taɓa asusun ajiya su fitar da dala miliyan 828 don a rage nauyin kashe-kashe. Ransu bai so ba, har sun yi maganar ajiye aiki. Babban jami'in kuɗi, Scott Sullivan, ya kira su ya lallashe su, ya ce su yi haƙuri a tsallake wannan zango, ba za a sake ba. Ta zauna. A Afrilun 2001 aka sake zuwa, wannan karon dala miliyan 771 za a mayar shafin kadara. Ta shigar. Daga nan duk wata uku sai an dawo mata. Ba ta sayi jirgin ruwa ba, ba ta gina katafaren gida ba, aikinta kawai take tsoron rasawa. Amma yatsunta ne suka danna lambobin a kwamfuta, kuma ranar shari'a kotu ba ta manta da haka ba: an ɗaure ta wata biyar, da wasu biyar na ɗaurin talala a gida. Sullivan ya sami shekara biyar, Ebbers kuwa a 2005 aka yanke masa shekara 25.

A kamfanin nan dai akwai wata mace, Cynthia Cooper, shugabar masu binciken kuɗi na cikin gida. Ɗaya daga cikin yaranta, Gene Morse, ya ci karo da dala miliyan 500 da aka rubuta da sunan kayan kwamfuta, ya nemi takardar shaida ko ɗaya bai samu ba. Sullivan ya nemi ta jinkirta binciken, ita kuwa ta ci gaba, suna aiki da dare bayan kowa ya watse, har ta kai maganar gaban kwamitin bincike na hukumar daraktoci. Ranar 25 ga Yunin 2002 kamfanin ya amsa cewa ya ɓoye kashe-kashen dala biliyan 3.8, adadin da daga baya ya kai wajen biliyan 11. Aka sanar da sallamar ma'aikata 17,000, kuma a watan Yuli kamfanin ya bayyana karyewarsa, mafi girma a tarihin Amurka a lokacin. Kafin watan ya fita aka sa hannu a dokar Sarbanes-Oxley, wadda ta tilasta wa shugaban kamfani da jami'in kuɗinsa su sa hannu da kansu a kan gaskiyar lissafi, ta kuma hana kamfani ranta wa manyansa kuɗi. Abin lura shi ne, babban kamfanin binciken da ake biya don ya duba littattafan, Arthur Andersen, ya yi ta sa hannu bai gano ba. Wanda ya tono asirin mutum ne da ya tambayi rasidi.

Mu ma ba baƙin abin ba ne. A ƙarshen 2006 aka gano cewa Cadbury Nigeria, masu Bournvita da TomTom, sun kumbura lissafinsu da sama da naira biliyan 13 cikin 'yan shekaru, ta hanyoyin da suka haɗa da jinkirta rubuta kashe-kashe da tura wa dillalai kayan da ba su nema ba don ciniki ya yi kyau a takarda. A 2008 hukumar kula da kasuwar hannun jari ta ci tarar kamfanin da masu bincikensa, ta kuma hukunta wasu shugabanninsa. Waɗanda suka sha asara kuwa har da ƙananan masu hannun jari da suka zuba ɗan abin da suka tara suna jiran ribar shekara.

Wani zai ce ina aka haɗa ɗan ƙarin rasidin masauki da biliyoyin daloli? Hukumar daraktocin kamfanin HP ba ta ga nisan ba. A Agustan 2010 shugaban kamfanin, Mark Hurd, ya sauka bayan an gano takardun kashe-kashensa ba daidai suke ba, kan kuɗin da jaridu suka ce wajen dala 20,000 ne, a kamfanin da cinikinsa na shekara ya haura dala biliyan 100. Na ga hikimar hakan. Ma'aikata ba littafin ƙa'idoji suke karantawa ba, baucar oga suke kallo. Ranar da akanta ya ga an biya hidimar bikin gidan manaja da sunan karɓar baƙin kamfani, kuma ba wanda ya ce uffan, ranar ya gama sanin dokar wurin. Mu da aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, take magana a kan rubuta bashi da adalcin marubuci, bai kamata sai an zo daga waje an koya mana darajar alƙalami a kan kuɗi ba.

Sai dai ba na son a ɗora laifin duka a wuyan ƙaramin ma'aikaci. Kamfanoni da yawa su ke tura mutanensu ga ha'inci. A tura mutum aiki da kuɗin aljihunsa, ya dawo ya yi wata uku yana zarya ofishin kashiya. A tsayar da alawus ɗin kwana tun kafin farashin mai ya ninka, a ƙi taɓa shi. Na san wani direba a wurin aikin da na ambata wanda tayarsa ta fashe tsakanin Zariya da Kano, ya biya mai faci daga aljihunsa, aka ce ba za a mayar masa ba sai da rasidi. Mai faci a bakin titi ina ya ga rasidi? Sai da ya je gidan mai ya roƙi takarda aka rubuta masa man da bai sha ba, sannan aka biya shi haƙƙinsa. Daga baya, da aka sami sabuwar shugabar sashen kuɗi, ta fito da wata 'yar takarda da ba ta fi tafin hannu ba, wadda ma'aikaci zai rubuta ƙaramin abin da ya kashe inda ba a ba da rasidi, ya sa hannu, a biya shi cikin mako. Ta kuma sa aka riƙa kai baucar manajan darakta gaban shugaban kwamitin bincike kafin a biya. Direban nan shi ya fara cike takardar, ya rubuta faci biyu da iska.