Ƙaurar da Kaburbura Kafin Ruwa Ya Iso

Jama'ar Kakuri da Makera da Barnawa: Kogin nan na Kaduna da kuke ƙetarewa kullum, shi ne aka datse a Shiroro, aka gama aikin a 1990. Kafin wannan kuwa, a 1968, madatsar Kainji ta sa ruwan Kwara ya cinye tsohon garin Bussa, mutane suka koma Sabuwar Bussa. In aka datse kogi, ruwa yakan hau gida da gona, har da makabarta. Saboda haka wanda kaburburan iyayensa ke bakin kogi, ko a ƙauyen da za a tasa, ya kasa kunne.

Da yawanku suna tsoron ƙasusuwan mamaci za su ba su cuta. Ku kwantar da hankalinku. Ƙwayoyin cuta ba su daɗewa a jikin wanda ya rasu, tsohon kabari kuwa ƙashi ne da ƙasa. Abin kiyayewa shi ne sabon kabari, musamman na wanda kwalara ko zazzaɓin Lassa ya kashe. Wannan kada kowa ya taɓa shi sai da izinin likita.

Wani zai ce, addini fa? A cikin Muwaɗɗa ta Imamu Malik akwai labarin shahidan Uhudu biyu waɗanda ruwa ya tone kabarinsu bayan shekara 46, aka sake musu wuri. Amma dai ku shawarci limaminku ko fastonku tukuna, ku sanar da mai unguwa da dubagari.

Ku yi aikin da rani, tun ƙasa tana busasshiya, gama in ruwa ya shiga rami ba a bambanta ƙashi da laka. Ku fara da dattijon da ya san makwancin kowa, a rubuta suna, a kafa alama. Masu tono su sa safar hannu da takalmin roba, su tona a hankali, a naɗe kowane mamaci cikin likkafaninsa dabam. In an gama, a wanke hannu da sabulu kafin a ci abinci. Yara kada su zo wurin.

Sabuwar makabarta ta zama kan tudu, mita 250 daga rijiyar da ake sha, mita 30 daga rafi. In kun haƙa kun tarad da danshi a gindin rami, ku cike shi, ku hau sama.